Haɗa alkohol mai dama da hagu da enzayim: tambayoyi da amsoshi ga ɗalibai da masu harhaɗa magani a Sakkwato

Waɗannan tambayoyi su ne waɗanda suka fi fitowa daga bakin ɗaliban kimiyyar sinadarai da na harhaɗa magunguna, irin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da masu shagunan magani da ke son sanin abin da ke cikin ƙwayar da suke sayarwa.

Da farko, wannan alkohol ɗin giya ce?

A'a. A wurin masana sinadarai, duk sinadarin da ke da iskar oksijin da haidurojin manne, wato OH, a jikin kabon da ba shi da haɗi ninki biyu, sunansa alkohol. Mentol da ke cikin man zafi alkohol ne, gilisarin na man shafawa alkohol ne, har kolestarol da ke cikin jininka alkohol ne. Etanol, mai sa maye, ɗaya ne kawai daga cikin dubbai. Waɗanda ake magana a kansu a nan sinadaran rabin hanya ne: ba a shan su, ana ƙara sarrafa su ne mataki-mataki har su zama magani.

Me ake nufi da dama da hagu a sinadari?

Ɗora tafin hannunka na dama a kan bayan na hagu. Yatsu biyar ne kowanne, amma ba za su dace ba. Haka kabon yake idan abubuwa huɗu daban-daban suka manne masa: yana iya fitowa a siga biyu, kowace hoton madubin 'yar'uwarta. Ana kiran ɗaya R, ɗaya S. Nauyinsu ɗaya, zafin da suke tafasa ɗaya, don haka tacewa da wuta ba ta raba su. Louis Pasteur ne ya fara raba irin waɗannan tagwaye a 1848, da ɗan hantsaki, yana tsince ƙwayoyin gishirin tataret ɗaya bayan ɗaya.

Jikin ɗan Adam kuwa ya san bambancinsu sarai, domin furotin ɗin da magani ke kamawa shi ma mai hannu ne, kamar takalmi da ƙafa. Wani lokaci tagwai ɗaya ke aiki, ɗayan kaya ne kawai a kan hanta da ƙoda. Wani lokaci kuma ɗayan yana da nasa aikin da ba a so. Tun 1992 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da ƙa'idar cewa mai sabon magani sai ya yi bayanin kowane tagwai.

Ina enzayim ya shigo?

Idan ka ɗauki keton, wato sinadarin da kabon ɗinsa ke riƙe da oksijin ba haidurojin, ka zuba masa sodiyam borohaidirai mai ƙara haidurojin, za ka sami alkohol, amma rabi R rabi S, domin sinadarin ba ya bambance fuskokin keton ɗin biyu. Enzayim furotin ne mai hanzarta aikin sinadarai, kuma wani mai suna ketoridoktes, wanda ake taƙaitawa KRED, yana da aljihu. Keton yana shiga aljihun ta fuska ɗaya kawai, sai a ɗora masa haidurojin ta gefe guda. Idan an dace da enzayim, tagwai ɗaya ne zai fito kusan zalla.

Aikin enzayim ba baƙo ba ne a gidajenmu. Mai kunun zaƙi da ke zuba tsiron hatsi ko ɗanyen dankali a cikin kunu mai kauri, ya tsinke ya yi zaƙi, enzayim ne ya farfasa sitaci ya mayar da shi sukari. Ta kuma san cewa idan ta zuba shi cikin kunu yana tafasa, aikin banza ta yi. Wannan ita ce ƙa'idar farko a masana'anta ma.

Waɗanne magunguna ake yi ta wannan hanya?

Wanda ya fi shahara shi ne atorvastatin, maganin rage kitsen jini, wanda kariyar mallakarsa ta ƙare a Amurka a 2011, kamfanonin jenerik suka shiga yinsa. Ana farawa da keton da ake kira COBE, wato etil 4-kuloro-asetoasetet. KRED yana mayar da shi alkohol mai suna (S)-CHBE. Daga nan wani enzayim ya cire kulorin, a sa sayanaid a gurbinsa. Kamfanin Codexis ya sami lambar yabo ta shugaban Amurka kan kimiyyar sinadarai mai kare muhalli a 2006 saboda wannan hanya.

Ga wani abu da ke rikita ɗalibai a jarrabawa: bayan an sa sayanaid, sunan ya koma R. Ba sinadarin ne ya juya ba. OH na nan inda yake, jerin fifikon da ake bi wajen raɗa suna ne ya canza da fitar kulorin.

A gaba cikin wannan sarƙa akwai keton na biyu. A da, ana sarrafa shi da sinadarin boron da borohaidirai a sanyin da ya kai digiri 70 ƙasa da sifili. KRED yana yin aikin a zafin ɗaki, cikin ruwa. Duk wanda ya san kuɗin man janareta ya san abin da wannan yake nufi.

Sai montelukast, maganin asma, inda KRED ya maye gurbin wani sinadarin boron mai tsada da cin ƙarfe da ake kira DIP-Cl. Akwai kuma hanyoyin enzayim na alkohol ɗin duloxetine, ezetimibe, ticagrelor da rosuvastatin. Sitagliptin na ciwon sukari ana yawan cusa shi cikin jerin, amma shi amin ne mai naitirojin, ba alkohol ba, enzayim ɗinsa daban.

Me ya sa ake ta maganar NADPH? Enzayim shi kaɗai bai isa ba?

Bai isa ba. KRED maƙeri ne, haidurojin ɗin da zai ɗora kuwa ɗan rakiyarsa ne ke kawowa, NADH ko NADPH, gwargwadon irin enzayim ɗin. Da ya sauke kayansa sai ya koma NADP+, fanko. Idan za a sayi NADPH daidai da yawan keton, giram 100 na COBE zai ci kusan rabin kilo, kuɗin da ya ninka darajar kayan da ake nema nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake sa ɗan kaɗan, a yi ta cika shi yana komawa.

Hanyar farko ita ce gulukos da enzayim na biyu, GDH. Shi yana karɓar haidurojin daga gulukos ya ba NADP+. Gulukos ɗin ya zama gulukonolakton, wanda ruwa ke buɗewa ya zama asid. Tunda wannan mataki ba ya komawa baya, yana jan aikin har ƙarshe. Kuɗin da za ka biya shi ne tsami: kowane mol (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) na keton yana haifar da mol guda na asid.

Hanya ta biyu ita ce aisofurofanol, IPA. Enzayim ɗaya ne ke aiki biyu: ya karɓi haidurojin daga IPA, ya mayar da shi asiton, ya ɗora wa keton ɗinka. Babu asid, babu enzayim na biyu, kuma IPA yana taimakawa wajen narkar da keton mai ƙin ruwa. Matsalarta, ciniki ne mai komawa baya. Asiton na taruwa, aikin na tsayawa. Sai a zuba IPA da yawa, ko a riƙa fitar da asiton da iskar naitirojin ko ta rage matsin iska, tunda shi yana tafasa a digiri 56, IPA kuwa a 82. A aikin montelukast an yi sa'a: alkohol ɗin yana daskarewa ya fita daga ruwan, wannan ke jan aikin gaba.

Ta uku ita ce fomet da enzayim FDH, wadda ke fitar da iskar kabon dayoksaid. Tana da tsabta, amma enzayim ɗin yana da nawa, kuma na asali NAD+ yake so, ba NADP+ ba.

Ku ba mu lissafin lita ɗaya.

A ɗauki COBE giram 100. Nauyin mol ɗinsa 164.6 ne, ke nan mol 0.61.

Gulukos: a ba da rara, kamar mol 0.70, wato giram 126 na busasshe. Idan mai ɗauke da ruwa ne, wanda mol ɗinsa ke da giram 198, sai giram 139. Mutane da yawa suna faɗawa wannan rami, su ga aiki ya tsaya gab da ƙarshe su zargi enzayim, alhali gulukos ne ya yi ƙaranci. A narkar da shi tun da wuri a bar shi ya zauna, domin GDH siga ɗaya ta gulukos yake ci, mai suna beta, kuma garin da aka narkar yanzu-yanzu yawancinsa alfa ne, sai a hankali yake juyawa.

NADP+: giram 0.1 ya kai kusan milimol 0.13. Ke nan kowane ɗaya zai yi zuwa da dawowa sau 4,500 ko fiye.

Ruwan riƙe tsami: milimola 100 na fosfet ko turayetanolamin, ma'aunin tsami, wato pH, a 7. Lura da lissafin: abin da ke cikin lita mol 0.1 ne, asid ɗin da zai fito mol 0.61. Ruwan riƙon ba zai iya shi kaɗai ba. Dole a riƙa ɗiga soda, giram 24 na NaOH gaba ɗaya, wato kimanin mililita 150 idan ƙarfinsa mola 4 ne, ma'ana mol 4 a kowace lita. Amfanin wannan, yawan sodar da aka sha shi ne agogonka: idan an sha mililita 75, an yi rabi.

Wasu KRED, musamman 'yan asalin ƙwayoyin Lactobacillus, suna bukatar maganiziyam, milimola 1 zuwa 2. Zafi tsakanin digiri 25 da 30. Yawan garin enzayim kuwa ya danganta da ƙarfinsa. Wanda aka inganta sosai giram ɗaya ko ƙasa da haka ya isa lita.

Kada a juye COBE gaba ɗaya. Ba ya daɗewa a ruwa, musamman idan pH ya haura 7, kuma kulorin ɗinsa yana kama furotin ya kashe shi. Ko a riƙa ɗigawa cikin sa'o'i, ko a narkar da shi a butil asetet a yi ruwa hawa biyu, enzayim a ƙasa, keton a sama yana gangarowa kaɗan-kaɗan.

Aikin ya fara da kyau, bayan awa biyu ya tsaya cak. Me ya faru?

Kada a yi canki-canki. A ɗebi samfur uku a ƙananan kwalabe. Na farko a ƙara masa KRED, na biyu GDH, na uku NADP+. Wanda ya farfaɗo shi ya nuna abin da ya mutu.

Amma kafin nan a duba pH, domin nan ne laifin ya fi yawa. Idan ya faɗi ƙasa da 6, NADPH na lalacewa, enzayim na sanyi. Idan kuma famfon soda ya zarce, NADP+ ne ke lalacewa a ruwa mai kaifin soda, ɓangaren etil na COBE da CHBE, wanda ake kira esta, shi ma ya farfashe. Akwai kuma ɓarnar da mitar pH ba ta gani: inda sodar ke sauka. Idan tana ɗiga a saman ruwa inda juyi ba ya kaiwa, wurin yana zama tafkin soda, duk enzayim ɗin da ya ratsa ya ƙone, mita kuwa tana nuna 7 lafiya lau. A kai bakin bututun kusa da farfelar juyi, nesa da bakin mitar.

Juyi da kansa takobi ne mai kaifi biyu. Idan ya yi kaɗan, hawa biyun ba sa haɗuwa. Idan ya yi yawa har iska na shiga, kumfa ta tashi, furotin ya warware a jikin kumfar. Ka ga farin dusa-dusa yana yawo, enzayim ne ya dahu.

Idan duka ukun ba su farfaɗo ba, ana zargin alkohol ɗin da ya taru ne ya toshe aljihun, ko asiton a hanyar IPA. A tsarma samfur da ruwan riƙo ninki biyu a gani.

Zafin Sakkwato fa? Ana iya wannan aiki a watan Afrilu?

Ana iyawa, amma da shiri. Littattafan waje idan sun ce zafin ɗaki, digiri 20 zuwa 25 suke nufi. A nan daga Maris zuwa Mayu rana tana wuce 40. Bahon ruwan ɗakin gwaji ɗumamawa kawai ya iya, ba ya sanyayawa, don haka saita shi a 30 ba ya hana ruwan kaiwa 38. Ana bukatar na'urar zagaya ruwan sanyi, ko ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ko aƙalla a riƙa jefa ƙanƙara ana duba ma'aunin zafi da ke cikin tukunyar kanta. Aikin da zai ɗauki awa takwas zuwa ashirin da huɗu yana son wutar da ba ta yankewa: idan juyi da famfon soda suka tsaya, enzayim bai tsaya ba, tsami zai ci gaba da taruwa. Batir da hasken rana sun fi janareta dacewa da wannan ɗan ƙaramin kaya.

Ajiya ma haka. Busasshen garin enzayim da NADP+ suna son firiza, digiri 20 ƙasa da sifili. A raba su ƙananan kwalabe tun ranar da suka iso, domin narkewa da sake daskarewa ke cinye ƙarfinsu. Kwalbar da aka ciro daga firiza a bar ta ta huce kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa ta sauka cikin garin, musamman da damina. Kayan da suka kwana a hanya ba a yarda da takardarsu sai an gwada: NADPH yana shan haske a nanomita 340, don haka a zuba enzayim da keton a ga yadda lambar ke sauka cikin minti ɗaya. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Tukunya mai sukari da ɗumi, a buɗe, gayyata ce ga ƙwayoyin cuta, su cinye gulukos su kawo nasu enzayim.

Gargaɗi kan ruwan cire alkohol ɗin daga tukunya: sinadarin ita (ether), wadda tsofaffin littattafai ke so, tana tafasa a digiri 35, daikulorometen a 40. A zafinmu kwalbar na iya kumbura ta tashi da murfi, tururin ether kuma tartsatsi ɗaya yake jira. A yi amfani da etil asetet, mai tafasa a 77.

An gama, amma ruwan ya ƙi rabuwa, ya zama kamar kindirmo.

Furotin ne, yana aiki kamar sabulu tsakanin ruwa da mai. Yawan enzayim, yawan wannan wahala, shi ya sa masana'antu ke biyan kuɗi don enzayim mai ƙarfi da za a sa kaɗan. Abin yi: a zuba garin tacewa na Celite, a juya, a tace kafin a raba. A ƙosar da ruwan da gishiri, wanda kuma yake tura alkohol ɗin cikin etil asetet, tunda ƙananan alkohol irin CHBE suna son zama a ruwa. A juya mazurarin rabo a hankali, kada a girgiza. Cirewa sau uku da kaɗan-kaɗan ya fi sau ɗaya da yawa.

Yaya ake tabbatar da cewa tagwai ɗaya ne ya fito?

Ma'aunin shi ne ee, wato rarar tagwai ɗaya a kan ɗayan: a cire ƙaramin daga babban, a raba da jimlarsu, a ninka da 100. Kashi 99 na ee yana nufin 99.5 da 0.5. Ana aunawa da na'urar rarrabe sinadarai ta HPLC mai bututun da shi ma yake da hannu, irin Chiralcel OD-H ko Chiralpak AD-H, ko da takwararta ta tururi, GC, mai bututun saikulodekstirin idan sinadarin mai saurin tashi ne. Bututun C18 na yau da kullum tsauni ɗaya zai nuna maka ko da rabi da rabi ne.

Kafin komai, a yi rabi-da-rabin da gangan da borohaidirai, a saka a na'ura, a ga tsauni biyu masu girma ɗaya a rabe. Wanda bai yi wannan ba ya ce ya sami kashi 100, bai auna komai ba. Na'urar juyar haske tana ba da alama, amma ɗan datti ko kuskuren awo yana karkatar da ita. Ba a kafa hujja da ita a kashi 99.

A ganinmu nan ne gaskiyar matsalar take a wurinmu. Enzayim ana saye, tukunya ana haɗawa, amma wanda ba shi da hanyar auna ee kamar ɗan kasuwar hatsi ne ba mudu. Mai shirin bincike ya fara tabbatar da inda zai yi awo kafin ya yi odar komai.

Me ke rage ee?

Yawanci wani enzayim ne ɗan kutse. Ana noman KRED a cikin ƙwayar bakteriya mai suna E. coli, kuma garin da ba a tace sosai ba yana ɗauke da enzayim ɗin ƙwayar, masu iya fitar da ɗayan tagwan. A gwada garin ƙwayar da ba ta ɗauke da KRED a ga ko yana aiki. Idan kuma aljihun ne ya yi wa keton ɗin yawa, sai a canza enzayim. Kamfanoni suna sayar da faranti mai ɗauke da iri-iri don a gwada. Inganta su kuwa ana yi ne ta sauya ƙwayar halitta da zaɓen wanda ya fi, zagaye bayan zagaye, hanyar da ta kai Frances Arnold ga kyautar Nobel a 2018.

Ba za a iya da yis ɗin burodi na kasuwa ba?

Don koyo, ƙwarai kuwa. Yis giram 20, sukari giram 30, ruwa mililita 160 mai ɗumin digiri 30. A bar shi awa guda ya fara kumfa, a zuba etil asetoasetet giram 2, kashegari a ƙara sukari, a bar shi kwana biyu zuwa uku, a tace da Celite, a sa gishiri, a cire. Za a sami alkohol na S, ee ɗinsa kamar 85 idan an yi sa'a. Don magani bai isa ba. Yis yana da enzayim da dama masu gasa, wasu na ba da R wasu S, sakamakon yana canzawa daga buhu zuwa buhu. Da COBE ma ee ɗinsa ƙasa yake sosai. Ga kuma tulin ruwa da sukari saboda giram biyu.

Lifes fa?

Lifes wani enzayim ne daban, irin Novozym 435, yana zaɓar tagwai ɗaya daga rabi-da-rabi ya mayar da shi esta, galibi da binil asetet. Ba ya bukatar NADPH, yana jure zafi, ana tace shi a sake amfani da shi, don haka ya dace da ɗakin gwaji mai ƙaramin ƙarfi. Iyakarsa kashi 50, sai dai a haɗa da sinadarin ruteniyam mai juya ragowar.

Daga alade ake samun enzayim ɗin?

Akwai tsofaffin enzayim na dabbobi, kamar estares na hantar alade da wani na hantar doki, kuma har yanzu ana ganinsu a littattafai. KRED da GDH na masana'anta kuwa daga ƙwayoyin da aka noma a tanki suke. Mai saye yana da haƙƙin neman takardar da ke nuna asalin enzayim da abincin da aka noma ƙwayar da shi. Hukunci na malamai ne. Abin da masani zai kai musu shi ne wannan bayani, da cewa ana wanke enzayim ɗin tun matakai da dama kafin ƙwayar magani.

Idan wa'adin mallakar magani ya ƙare, kowa na iya yinsa?

Maganin, i. Hanyar yinsa da enzayim ɗin da aka inganta suna iya kasancewa ƙarƙashin wata kariyar daban, sai an bincika. Sannan ga hukuma: NAFDAC da takwarorinta suna duba ƙa'idojin magani na ƙasa da ƙasa da ake kira ICH, irin Q7 kan tsabtar sarrafa sinadarin magani da Q11 kan inda sarƙar ta fara. Za a nemi iyakar ɗayan tagwan, da shaidar cewa furotin da ragowar ƙwayar ba su bi kayan ba. Matakin enzayim da ke farkon sarƙa ya fi sauƙin karewa fiye da na dab da ƙarshe.

Matakin sayanaid na atorvastatin kuwa ba na ɗakin gwajin ɗalibai ba ne. A pH 7 yawancin sayanaid yana zama HCN, wanda ke tafasa a digiri 26, ƙasa da zafin ɗakunanmu a mafi yawan shekara. A tsaya a CHBE.